Korar wasan kwaikwayo ba ta taɓa yi wa addini rana ba

Duk ƙasar da mutum ya ɗauka ya bi sawun wasan kwaikwayonta baya-baya, a bakin ƙofar wurin bauta sawun yake tsayawa. Haka abin yake a Masar da Girka, haka a Indiya da Japan, haka kuma a ƙasar Yarbawa. Ya dace a faɗi wannan a fili, domin a wajenmu an ɗauka hanyar jirgi daban ta mota daban, wasa can addini can, kuma duk lokacin da rigimar malamai da 'yan fim ta taso, kowane ɓangare yana magana tamkar yau aka fara ta. Rigimar nan ta girmi kakannin kakanninmu. An yi ta a Kartaj, an yi ta a Paris da Landan da Dimashƙa, kuma an ga inda ta kwana a kowane wuri. Abin da na karanto a cikin wannan tarihi shi ne, duk sa'ad da masu addini suka kori wasa daga harabarsu, wasan ba ya mutuwa, hannu kawai yake sauyawa, ya faɗa wajen waɗanda ba ruwansu da abin da masu korar suke son tsarewa.

A garin Abidos na Masar, kimanin shekara 1,850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani babban ma'aikacin Fir'auna Senusret na Uku mai suna Ikhernofret ya bar rubutu a jikin dutse yana bayanin yadda ya shirya bikin gunkinsu Osiris. An fito da jirgin ruwan gunkin, an kwaikwayi faɗa da maƙiyansa, an raka shi kabari, sannan aka dawo da shi gida cikin murna. Har yau masana suna gardama ko wannan wasa ne ko tsantsar bauta, kuma gardamar tana nuna yadda abubuwan biyu suke a cakuɗe tun fil azal.

A Girka ne labarin ya fi fitowa sarai. Mutanen Atina suna da bikin shekara na gunkin giya mai suna Diyonisus, wajen ƙarshen watan Maris. Za a ɗauko gunkin a zaga gari da shi, a yanka bijimai, a kai shi filin wasa da ke gindin dutsen Akrofolis a zaunar, limaminsa kuma ya zauna a kujerar tsakiya ta sahun farko. Wajen shekarar 534 kafin Miladiyya aka ce wani mai suna Tesfis ya ci gasar farko, kuma shi ake dangantawa da fita daga cikin 'yan amshi ya yi magana da muryar wani mutum daban. Maza ne kaɗai ke wasa, fuskokinsu a rufe. Hukuma ce ke ɗora wa attajirin gari nauyin ciyar da 'yan amshi da yi musu sutura, kamar haraji. Abin da ake nunawa kuwa ba shirme ba ne, tambayoyi ne masu nauyi kan ƙaddara da alhaki da ramuwar gayya. Akwai wasan wani marubucinsu, Sofokilis, da ya ginu kacokan kan wata budurwa da sarki ya hana a binne ɗan'uwanta, ita kuma ta ce haƙƙin gawa doka ce daga sama, ta fi ƙarfin dokar sarki, ta binne shi, ta rasa ranta. Bahaushen da ya san nauyin suturta mamaci ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan.

A Indiya, tsohon littafinsu na ƙa'idojin wasa, Natyashastra, cewa ya yi abin bautarsu Brahma ne ya ƙago wasan kwaikwayo a matsayin littafi mai tsarki na biyar, domin talakawan da aka hana su sauraron littattafai huɗu na farko su ma su sami rabonsu. Har gobe a Ramnagar, kusa da birnin Baranasi, ana shafe wata guda kowace shekara ana kwaikwayon labarin abin bautarsu Rama. Wasan Noh na Japan a farfajiyar wuraren bauta ya girma. Wasan alarinjo na Yarbawa daga dodannin egungun ya fito, Hubert Ogunde kuma, wanda ake kira uban wasan dandamali na zamani a Najeriya, wasansa na farko a Legas a 1944 wata cocin Aladura ya shirya wa.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce a nan: to ai ka kawo mana hujja da bakinka, abin da aka haifa a gidan tsafi me zai yi a gidan Musulmi? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba zan kauce mata ba. A Efidaurus ta Girka akwai filin wasa na dutse mai cin mutum wajen 14,000 wanda har yanzu yake tsaye. An gina shi ne a cikin harabar gunkin waraka, Askilifiyos, inda marasa lafiya ke zuwa su kwana neman sauƙi. Wato likitancin Girka da wasan Girka a inuwar gumaka suka tashi gaba ɗaya. Da aka zo zamanin Abbasiyawa, a Bagadaza aka fassara littattafan likitancin nan zuwa Larabci, irin su Hunainu ɗan Is'haƙa suka yi aikin, Razi da Ibn Sina suka ɗora a kai, aka ɗauki maganin aka bar gunkin a inda yake. Ba wanda ya ce a daina duba mara lafiya don asalin ilimin ya ratsa ta gidan tsafi. Asalin abu yana da muhimmanci a sani, amma abin da ake yi da shi yau shi ne abin dubawa.

Kiristocin farko sun yaƙi wasa da gaske, kuma suna da dalili. A hannun Rumawa abin ya lalace: tsiraici a kan dandamali, ba'a ga ibadar Kirista, a wasu filayen ma har kashe fursuna ake yi da gaske a cikin labari. Wajen shekarar 200 Miladiyya, Tatuliyan, wani malamin Kirista a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi sukutum yana hana mabiya zuwa kallo. Coci ta ƙi yi wa ɗan wasa baftisma sai ya bar sana'ar. Taron manyan limamai da aka yi a Ƙusɗanɗiniya, Istanbul ta yau, a 692 ya sake jaddada hani. Da daular Rum ta yamma ta faɗi, gidajen wasa suka zama kufai.

Abin mamaki, cocin da ta binne wasa a Turai ita ce ta tono shi. Wajen shekarar 970, Bishop Etelwold na Wincesta a Ingila ya rubuta wa masu zaman zuhudu ƙa'idojin ibada, a ciki har da yadda za su yi da asubar ranar Ista, wato bikin Kirista na tashin Almasihu daga kabari. Mutum huɗu za su shirya. Ɗaya ya sa farar riga, ya sulale kamar wani aiki zai yi, ya je ya zauna shiru kusa da wurin da aka mayar kamar kabari, da ganyen dabino a hannu, shi ne mala'ika. Sauran ukun su yafa mayafai, su riƙe kaskon turare, su taho a hankali suna dube-dube kamar masu neman wani abu da ya ɓata, su ne matan da suka zo kabarin. Na zaunen ya rera musu tambaya cikin murya mai taushi, wa kuke nema? Su amsa. Ya ce musu ba ya nan, ya tashi, bisa aƙidar Kirista. Sai ya ɗaga labule ya nuna musu wurin wayam, likkafani kawai ya rage, su ɗauko shi su baje a gaban jama'a, a kaɗa ƙararrawa. Dubi yadda aka tsara tafiya da kallo da murya. Wannan umarnin mai shirya wasa ne, kuma limami ne ya rubuta shi. Dalilinsu a bayyane yake: ibada da Latin ake yi, manomi ba ya jin Latin, amma idonsa yana gani.

Daga nan abin ya fita ƙofar coci ya shiga kasuwa da harshen mutanen gari. A birnin Yok na Ingila, tun wajen 1376, akwai jerin wasanni kusan 48 da ake yi a rana guda, daga halittar duniya har tashin alƙiyama. Kowace ƙungiyar masu sana'a tana da nata labarin da amalankenta, tun asuba ake turo su, a tsaya a unguwa a yi, a matsa gaba a sake. Rabon ma da hikima aka yi shi. Masu sassaƙa jirgi su ne da ginin jirgin Annabi Nuhu, masunta da matuƙa su ne da ruwan ɗufana, maƙeran zinariya su ne da sarakunan da suka kawo wa jariri Almasihu kyauta, masu gashin burodi su ne da cin abincinsa na ƙarshe da almajiransa. Talakan da bai taɓa riƙe littafi ba ya san labaran addininsa ciki da bai, domin shi da maƙwabcinsa ne suka haddace su suka yi su.

Sai aka sake juyawa. An yi ƙorafin barkwanci ya yi yawa, shaye-shaye ya shigo, ga kuma rikicin Katolika da Furotesta ya kunno kai. A 1548 majalisar Paris ta hana ƙungiyar da ke wasannin addini ci gaba da yin su, amma ta bar mata damar yin na duniya. A 1559 Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta hana taɓa addini da mulki a wasa. A 1569 aka yi wasan Yok na ƙarshe. Shekara bakwai kacal bayan haka, a 1576, aka gina gidan wasa na kuɗi a bakin Landan, inda ake biya a shiga. Jama'ar da aka hana kallon labarin annabawa ba su koma gida sun zauna ba, sun tafi inda ake nuna kisa da soyayya da sarauta. A 1642 masu tsaurin addini da suka riƙe majalisar Ingila suka rufe gidajen wasa baki ɗaya. Shekara 18 aka yi a haka. Da aka buɗe a 1660, abin da ya yi tashe shi ne barkwancin neman matan aure da yi wa masu kamun kai dariya, batsar da ta fi ta da. Hanin bai gyara kowa ba, abin da ya yi shi ne cire mutanen kirki daga sana'ar.

Ba ina cewa duk wasan da aka jingina da addini alheri ne ba. A ƙauyen Oberammergau na Jamus, annoba ta shiga, a 1633 mutanen gari suka yi bakance cewa idan suka tsira za su riƙa kwaikwayon wahalar Almasihu duk shekara goma. Sun fara a 1634, kuma suna nan suna cika alkawari, har cutar korona ta sa na 2020 ya koma 2022. Riƙon alkawari na kusan shekara 400 abin girmamawa ne. Amma irin waɗannan wasanni sun daɗe suna zana Yahudawa a matsayin mugaye, suna hura wutar ƙiyayya, har Hitila ya je ya kalla a 1934 ya yaba. Sai daga baya, musamman daga 1990, aka zauna aka tace rubutun. Abin da ke sa mutum kuka yana iya sa shi ɗaukar makami. Wannan shi ya sa nake ganin barin wasa ba mai kula da shi ganganci ne, kuma kular da ta yi aiki a ƙauyen nan daga cikin masu wasan ta fito.

An sha faɗa cewa Musulmi ba su san wasan kwaikwayo ba sai da Turawa suka zo. Ba haka ba ne. A Alƙahira, wani likitan ido ɗan asalin Mausil, Ibn Daniyal, wanda ya rasu a 1310, ya bar wasannin inuwa guda uku a rubuce, kodayake akwai batsa a cikinsu ba kaɗan ba. A daular Usmaniyya, wasan inuwa na Karagoz abin daren azumi ne, kuma da waƙar wa'azi ake buɗe shi, mai kwatanta labulen wasan da duniya mai gushewa. A tsibirin Jawa na Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, mutanen wurin suna ba da labarin cewa Sunan Kalijaga, ɗaya daga waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a can, bai yaƙi wasan inuwar wayang da ya tarar ba, ya shiga cikinsa ne ya yi kira da shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ta'aziyya ta Iran, wato kwaikwayon abin da ya faru a Karbala a shekara ta 61 bayan Hijira. Ba maganar aƙida nake yi ba, kowa ya san akwai saɓani, su kansu malamansu sun yi saɓani a kai. Dabarar nake so a duba. Dandamali ne a tsakiyar fili, jama'a sun kewaye shi, dawakai na zagayawa. Kwanon ruwa guda shi ne Kogin Furatu, ɗan tulin ƙaiƙayi shi ne rairayin sahara. Mutanen Imam Husaini suna sa kore, kuma rera maganarsu suke yi. Maƙiya suna sa ja, su kuwa da tsawa suke magana ba rerawa. Bisa al'ada ɗan wasa yana riƙe da takardar baitinsa a hannu, ko da ya haddace, domin kowa ya gane karantawa yake yi, bai ce shi ne wancan bawan Allah ba. Mai shirya wasan yana tsaye a fili yana nuna wa kowa wurinsa. Akan ga wanda ke fitowa a matsayin makashi yana hawaye tun kafin ya ɗaga takobi. Wato damuwar da malamai ke da ita, kada a yi ƙarya, kada wani ya ɗauki matsayin da ba nasa ba, ita ce ta haifi salon wasan. Sarki Nasiruddin Shah ya gina masa katafaren zaure a Tehran wajen 1868. Wanda ya zo ya hana shi a shekarun 1930 kuwa ba malami ba ne, Sarki Reza Shah ne mai son mayar da ƙasar ta Turawa. Wasan ya koma ƙauyuka ya ci gaba, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2010.

Irin wannan dabara muka gani a fim ɗin Ar-Risala na Mustafa Akkad a 1976, wanda da yawanmu mun kalla. Malaman Azhar sun hana nuna annabawa, kuma hanin daidai ne. Mai fim ɗin bai ce an tauye shi ba, ya ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da an ga Manzon Allah (SAW) ko an ji muryarsa ba. Iyaka ta zauna, aiki kuma ya yi kyau. Kwatanta wannan da abin da ya sami mai shirya wasa Abu Khalil al-Ƙabbani a Dimashƙa, wanda aka kai ƙararsa ga Sarkin Musulmi na Istanbul aka rufe gidan wasansa. Ya kwashe jama'arsa ya koma Masar a 1884, Masar ta ci ribar, Sham kuma ba ta rabu da wasa ba.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne a wannan harka. Ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin kwaikwayonmu da ke raye, tashe, a cikin watan azumi yake, daga goma ga wata. Yaro zai manna gemun auduga, ya naɗa tsumma a matsayin rawani, ya rataya allo, abokansa suna tuhumarsa da cewa malam ya yi rawa, shi yana rantsuwa bai yi ba, can sai ya ɓarke da rawar yana nuna yadda aka ce ya yi. Manya suna dariya suna ba da hatsi ko 'yan kuɗi, kowa kuma ya gane saƙon: akwai mai faɗa da baki yana warwarewa da aiki. A Faransa, marubuci Moliya ya yi wasa kan mai riya da sunan addini a 1664, aka hana nuna shi har 1669, da ya mutu a 1673 ma da dare aka binne shi saboda sana'arsa. Kakanninmu, waɗanda ba wanda zai ce ba su san addini ba, sun bar 'ya'yansu suna yin wannan a ƙofar gidan malam, cikin wata mai alfarma, domin sun san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malam Aminu Kano, wanda ya yi tafsiri, ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana matashi, yana sukar zalunci da camfi da su.

Ina tare da malaman da ke kuka kan abin da ake nunawa a wasu finafinanmu. Raye-rayen da ba su da alaƙa da labari, kwaikwayon Indiya ido rufe, raina aure, duk gaskiya ne, kuma uba mai 'ya'ya yana da haƙƙin damuwa. Inda na rabu da su shi ne magani. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar shirya finafinai a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta Kano, aka yi ca a kai, aka fasa. Ba a daina fim ba. Abin ya ƙaura zuwa YouTube da TikTok, cikin wayar da ke hannun kowane yaro, inda hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001 take shan wahalar kai hannu. An rasa wuri guda da za a iya koyarwa a kuma sa ido, an sami dubban wurare da ba mai ganin su.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Makarantun Islamiyyarmu suna yin tamsiliyya a ranar saukar karatu, kuma duk wanda ya ga yadda iyaye ke yin tsit idan yara suka fito ya san ƙarfinta. Amma yawanci malami guda ne ke haɗa ta a gurguje ana saura kwana kaɗan. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero suna da sassan koyar da wasan kwaikwayo, me zai hana su riƙa horar da waɗannan malamai lokacin hutu? Malaman da suka san tarihi da fiƙihu su zauna da marubuta tun labari yana kan takarda, su ce wannan ya halatta, wannan a sauya, maimakon jiran fim ya fito a hau mumbari. Tashe kuma, da 'yan sanda suka dakatar a Kano a wasu shekarun nan saboda 'yan daba da ƙwacen waya, matsalar tsaro ce, a yi mata maganin tsaro. Masu unguwanni su ƙayyade lokaci, daga bayan tarawihi zuwa ƙarfe goma, 'yan sintiri da iyaye maza su raka yaran gida-gida, a kama mai makami a bar mai gemun auduga ya yi wasansa.